Columbus-Belmont: muna hango wurin da idonmu amma sai da muka ƙara tafiyar awa ɗaya da wani abu

Tun watan jiya nake cewa zan rubuta sharhin nan, sai yau Allah ya nufa. Wani ɗan ƙaramin wurin shaƙatawa ne na gwamnatin jihar Kentaki, sunansa Columbus-Belmont, yana kan tudu a bakin kogin Misisipi. Wanda yake sauri ga magana a taƙaice, wurin ya yi, shiga kyauta ne, amma dan Allah kafin ka tada mota ka duba da kyau wane gefen kogin wayarka za ta kai ka. Mu dai mun ji a jikinmu.

Abun da ya kai mu shi ne Kawuna da ya zo mana daga Zariya, ƙanin mahaifiyata ne, tsohon ma'aikacin reluwe, ya zo ganin jikoki da kuma duba idonsa. Sati uku yana zaune a gida a Sen Luwis, ni ina aiki uwargida tana aiki, shi da talabijin da carbi kawai, har ya fara cewa wai shi Amurkar nan da ake ta faɗa ashe ɗaki ce da esi. Na kai shi ya ga baka ɗin ƙarfen nan na bakin ruwa da kowa ke zuwa ɗaukar hoto, ya ɗaga kai ya kalla ya ce to madalla, shikenan. Da na matsa masa me yake so ya gani sai ya ce shi a kai shi inda zai ga gona da ruwa da mutanen ƙauye, ya gaji da gini. Wani abokin aikina bature ne ya ba ni sunan wurin, ya ce akwai wata sarƙa da ya kamata mu gani, ban ma tsaya na tambaye shi sarƙar mene ne ba.

Ranar Asabar da hantsi muka fita, ni da Kawu da uwargida da yara biyu, an cika kula da dafadukar shinkafa da soyayyen kaza, fulas ɗin shayin Kawu daban dan shi ba ya tafiya sai da shi. Motata tana gareji dan haka haya na ɗauko, kuma maganar wannan motar zan dawo kanta dan har yanzu raina bai huce ba.

To ga inda na tafka kuskuren. Sunan wurin ai biyu ne a haɗe, ni kuma a gaggauce na buga Belmont kawai a taswirar waya, ta nuna min wani ɗigo a bakin kogi, na ce ai shi ne. Ashe Columbus yana Kentaki, Belmont kuma yana jihar Mizuri, kogi ne a tsakaninsu, kuma babu gada a wurin. Mun yi ta gangarawa kudu kusan awa uku, muka bar babban titi muka shiga ƙananan hanyoyi, gonakin masara da waken suya hagu da dama iya ganinka, ƙasa a shimfiɗe kamar faranti. Kawu sai murna yake yana cewa yauwa yanzu na zo Amurka, yana ta lissafin buhu nawa gona ɗaya za ta bayar. Da muka wuce wani ɗan gari East Prairie ya ce "ɗan nan tsaya ka tambayi mutane mana, ni ban ga alamar wurin yawon buɗe ido a gaban nan ba." Na ce "Kawu ai nan ba a tambaya, waya ta san hanya." Uwargida ta kalle ni ta madubi ba ta ce komai ba, wanda ya yi aure ya san irin wannan kallon.

Hanya ta yi ta ƙanƙancewa, gidaje suka ƙare, sabis ya fara ɗaukewa, can sai ga mu a ƙarshen titi, gaba ruwa ne. Wayar ta ce wai mun iso. Muka fito, ba kowa ba komai, sai zafi da ƙarar ƙwari da ruwa jajaja yana wucewa. Ɗana babba ne ya nuna tsallake ya ce Abba ga wani tudu can da bishiyoyi. Wallahi ga wurin can muna kallonsa, tudun ya tashi sama sosai a ɗaya gefen, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Kawu ya gyara hularsa ya ce "to malam mai digiri biyu, sai ka tambayi wayar ko ta iya iyo." Yara suka fashe da dariya, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Da can akwai jirgin fito da yake haɗa gefen biyu amma an daɗe da daina shi, yanzu in ka tsinci kanka a nan sai dai ka koma arewa ka zagayo.

Haka muka juya. Muka haura ta Charleston muka tsallaka Misisipi muka shiga jihar Ilinoi, muka ratsa ta wani gari da aka rubuta Cairo, wato Alƙahira, amma su mutanen wurin wani abu kamar Kero suke cewa. Garin nan ya ba ni tausayi, manyan tituna masu faɗi da tsofaffin gine-gine na bulo amma rabi duk kango, ciyawa ta cinye. A 1920 mutanen garin sun haura 15,000, yanzu ba su kai 2,000 ba. A ƙarshen garin ne kogin Ohayo yake haɗuwa da Misisipi, Kawu yana gani ya ce ah Lakwaja kenan, dan shi ya taɓa tsayawa inda Neja da Binuwai suka haɗu. Daga nan sai gadar Ohayo zuwa Kentaki, tsohuwar gadar ƙarfe ce doguwa kuma matsattsiya, tirela tana tahowa ta ɗaya hannun kana jin kamar za ta shafe maka madubi, uwargida salati kawai take har muka sauka. Jiha uku cikin 'yan mintuna, wannan kam yara sun ji daɗinsa.

A daidai nan esin motar hayar ya mutu. Watan Yuli, rana tsaka, kudancin Amurka, wanda bai sani ba zai ɗauka wasa ne, zafin nan ba irin na Zariya ba ne busasshe, irin na Legas ne mai danshi da yake manne maka riga a baya. Na kira kamfanin hayar, minti ashirin ina sauraron kiɗa kafin wata ta ɗauka ta ce wai in kawo motar ofishinsu mafi kusa su canza min, na tambaya ina ne mafi kusa, ta faɗi wani gari da ya fi inda za mu nisa. Na ce ta bar shi kawai. Kuma ranar Litinin da na mayar da motar ko sisi ba su rage min ba, wai ba a rubuta ƙorafin a kwamfuta ba. Ba zan kama suna ba amma sun ga kuɗina na ƙarshe.

Dan haka lokacin da muka isa Columbus wajen ƙarfe ɗaya da rabi, ni a raina na riga na ba wurin tauraro ɗaya tun ban shiga ba. Garin kansa ɗan mitsitsi ne, mutanensa ba su kai 200 ba, in ka yi ƙiftawar ido ka wuce shi. Ba get ba mai karɓar kuɗi, ka shiga kawai ka yi fakin a inuwa. Ciyawa a gyare, manyan bishiyoyi, rumfunan cin abinci da tebura, wurin wasan yara, can gefe masu kwana a motocin nan masu ɗaki a ciki. Na ce a raina yanzu dan wannan muka sha wannan wahalar, ai irin wannan akwai shi a bayan gidanmu.

Sai muka taka zuwa bakin tudun. Nan bakina ya mutu. Kogin yana can ƙasa ya yi wata irin lanƙwasa, faɗinsa ba a magana, ga iska tana busowa mai sanyi wadda tun safe muke nema, ga wani jirgin ruwa ƙarami yana tura manyan kwale-kwalen ƙarfe na kaya an ɗaure su jere-jere sun fi filin ƙwallo tsawo, yana tafiya a hankali kamar ba ya motsi. Kuma abun haushi abun dariya, daga nan muna hango daidai inda muka tsaya ɗazu muna zufa. Ƙaramar 'yata ta ɗaga hannu tana yi wa wurin bye bye.

Amma abun da ya sa na zauna rubuta wannan dogon surutun shi ne sarƙar. Tana nan a fili an shimfiɗa wani yanki nata tare da wani ƙaton anka na jirgin ruwa wanda ya fi mutum biyu tsawo in an tsayar da shi. Kowane zobe ɗaya na sarƙar tsawonsa inci 11 ne, nauyinsa wajen kilo 9, zobe ɗaya fa. Kawu da tun safe yake tsokanata sai ya yi tsit. Ya durƙusa, mutumin da gwiwa ke damunsa ko sallah a kujera yake yi wani lokacin, ya sa hannu biyu ya ɗaga zobe ɗaya ya sake shi ya ji ƙararsa, ya shafa wurin da aka haɗa ƙarfen da babban yatsa, ya ce "wannan aikin maƙera ne na gaske, shekara talatin ina cikin ƙarfe ban taɓa riƙe irin wannan ba." Ya ce in karanta masa allon da ke wurin in fassara masa kalma da kalma, kar in tsallake komai.

Labarin shi ne lokacin yaƙin basasar Amurka, 1861, jihar Kentaki ta ce ita 'yar ba ruwanmu ce, ba ta bayan Arewa ba ta bayan 'yan awaren Kudu masu son a ci gaba da bautar da bayi. Sai wani janar na Kudu, Leonidas Polk, wanda kuma babban limamin coci ne bishop guda, ya shigo da sojoji a farkon Satumba ya kama tudun nan, dan duk wanda ya riƙe shi ya riƙe kogin, kuma layin dogo na Mobile da Ohio a nan ya ƙare. Da na zo wurin layin dogo Kawu ya ce "ka ji ko, ko'ina reluwe ce uwar tafiya." Shigowar Polk ce ta ɓata wa Kudu lissafi dan kwana kaɗan bayan haka wani janar na Arewa, Ulysses Grant, ya kama garin Paducah na Kentaki, majalisar jihar kuma ta koma bayan Arewa. Polk ya jera igwa wajen 140 a tudun, ya sa aka haƙa ramuka, sannan aka ja wannan sarƙar daga wannan gaɓar zuwa waccan, an ɗora ta kan gungumen itatuwa tana iyo, wai jiragen yaƙin Arewa in sun zo su maƙale a yi musu ruwan wuta daga sama. Ba jirgin da ta tare, ƙarfin ruwan ne da kansa ya tsinka ta. Kawu ya yi dariya har da tari, ya kalli kogin ya kalli sarƙar ya ce "wai shi limamin bai san ruwa ba a ɗaure shi ba?"

Shi kuma Belmont ɗin da muka ɓata a cikinsa, ashe filin daga muka taka ba mu sani ba. Ranar 7 ga Nuwamba 1861 Grant ya gangaro daga Cairo da sojoji wajen 3,000 a jiragen ruwa, ya afka wa sansanin 'yan Kudu da ke can gefen, ya kore su, sojojinsa suka shagala da murna da kwasar ganima, sai igwa ta fara sauka daga kan tudun nan da muke tsaye, aka kuma tsallako da ƙarin sojoji aka zagaye su, da ƙyar suka fasa suka koma jirgi. Kowane ɓangare ya yi asarar mutum wajen 600 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda aka kama. Wannan ne yaƙin Grant na farko a basasar, mutumin da daga baya ya zama shugaban ƙasa, shi ne a jikin takardar dala 50. Na ce wa uwargida kin gani, ni da gangan na kai ku can dan ku ga tarihi daga tushe. Ta ce in ji wa.

Akwai ma wata babbar igwa da suka sa wa suna Lady Polk, kwana huɗu bayan yaƙin aka zo harba ta a gaban janar ɗin ta tarwatse ta kashe mutanen da ke kusa, shi ya tsira da rauni. Duk wannan shiri kuma a banza, watan Fabrairun 1862 Grant ya ci sansanonin sojan Kudu na Fort Henry da Fort Donelson ta baya, sai 'yan Kudu suka kwashe kayansu suka bar tudun a farkon Maris ba tare da an kawo musu hari ta kogin ba. Bayan nan bayi da yawa suka riƙa gudowa nan neman mafaka wurin sojan Arewa, har aka ɗauki baƙaƙen fata aikin soja a garin. Wannan ɓangaren Kawu ya sa na maimaita masa sau biyu.

Ramukan yaƙin suna nan har yau, ciyawa da bishiyoyi sun rufe su amma kana gani ka san hannu ne ya yi, tudu da kwari a jere kamar ganuwar Zazzau inda ta zaizaye. Akwai hanyar ƙafa da ta bi ta cikinsu. To a nan ne tauraron da na fara ƙarawa ya sake zubewa, sauro. Jama'a sauron bakin Misisipi da rana tsaka yake cizo, ba ya jiran dare, kuma ta cikin riga yake huda mutum. Minti goma muka yi a cikin bishiyoyin muka fito da gudu, ƙafar 'yata duk ta yi rudu-rudu tana kuka, ni da na baro Najeriya ina ganin na rabu da sauro. Laifina ne dai ban zo da maganin shafawa ba, amma ina faɗa ne dan kar wani ya zo da yara da gajeren wando a watan Yuli ya ce ban gaya masa ba.

Muna cikin wannan ne wani dattijo bature daga cikin masu kwana a wurin ya taho da gwangwanin maganin sauro ya miƙa wa uwargida, ba mu roƙa ba. Gaskiya da farko na ɗan tsargu, ƙauye ne a Kudu, ga Kawu da babbar riga da hula ga uwargida da hijabi, mu kaɗai ne baƙaƙe a wurin a lokacin. Amma mutumin nan sai ya tsaya hira. Ya tambayi Kawu daga ina, Kawu da turancinsa na reluwe ya ba shi amsa, kafin ka ce me sun zauna a benci ɗaya Kawu ya zuba masa shayi a murfin fulas. Shi ya ba mu labarin cewa garin Columbus na asali a ƙasa yake a bakin ruwa, ambaliyar 1927 ce ta cinye shi, ƙungiyar Red Cross ta taimaka aka kwashe gidajen da suka rage aka hau da su kan tudu, daga wannan aikin ne ma tunanin mayar da tsohon sansanin wurin shaƙatawa ya fito, aka buɗe shi a shekarun 1930. Ya ce da can sunan wurin Iron Banks saboda kalar ƙasar tudun kamar tsatsar ƙarfe, kuma ta nan aka tsallakar da wani ayarin 'yan ƙabilar Cherokee a 1838 lokacin da gwamnati ta kore su daga ƙasarsu zuwa yamma. Har da labarin da mutanen garin ke alfahari da shi wai an taɓa tunanin mayar da babban birnin Amurka nan, shi kansa da yake faɗa yana dariya ne.

Da lokacin sallah ya yi muka yi alwala a famfo muka shimfiɗa darduma ƙarƙashin wata bishiya muka haɗa azahar da la'asar, ina lura da shi ta gefen ido, ya kira karensa ya riƙe har muka sallame. Bai ce komai ba mu ma ba mu ce ba. Wannan abun ya zauna min a rai.

Gidan tarihin ɗan ƙarami ne, wani tsohon gida ne da aka yi asibiti da shi lokacin yaƙin, ana biyan 'yan daloli kaɗan, akwai harsasan igwa da kayan sojoji, minti ashirin ya ishe ka, mu dai har da sanyin esi muka shiga nema. Akwai ɗan shagon kayan ƙwalama amma mu kularmu muka buɗe, kuma shawarata duk musulmin da zai zo ya taho da abincinsa dan yankin gaba ɗaya ba ka da zaɓi. A hanyar dawowa mun tsaya wani gidan mai da ke sayar da dafaffen abinci na ce a zuba min koren wake kawai tunda ganye ne, Allah ya sa na tambaya, ashe da naman alade aka dafa shi, matar ma mamaki take wai dama akwai wanda yake dafa shi ba haka ba. Biskit da lemo muka ci har gida, gilas a sauke iska mai zafi tana dukanmu awa uku.

Tauraro nawa zan bayar, a mota na ce uku, uwargida ta ce wurin bai yi maka komai ba kai ka kai kanka Mizuri, kuma ba su suka kashe esi ba. Gaskiyarta. Huɗu dai, ɗayan sauro ya cinye. In za ka je ka bari sai Oktoba lokacin da zafi ya sauka, ka rubuta sunan gaba ɗaya a waya har da Kentaki, kuma kar ka sa ran wuni guda, awa biyu zuwa uku ka gama ganin komai.

Kawu ya koma Zariya sati biyu da suka wuce. Hotuna sun fi ɗari a wayarsa na Amurka amma wanda ya sa a fuskar WhatsApp ɗinsa shi ne wanda yake durƙushe riƙe da zoben sarƙar nan. Jiya Umma ta kira ni tana tambaya wai da gaske ne na kai ƙaninta bakin ruwa na ce ya yi iyo, ashe haka yake ba da labarin a gida.